Ranar da gabana ya hau dukan uku-uku: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makonni uku da suka wuce ina zaune ina aikina, babu wanda ya ɓata min rai, sai kawai gabana ya hau dukan uku-uku. Gumi ya karyo min, yatsuna da leɓɓana suka riƙa yi kamar ana tsira musu allura, numfashi ya ƙi isata. Na sallama, na ce ajali ne ya zo. Kafin mu isa asibiti abin ya lafa. An auna zuciyata, an ɗebi jini, likita ya ce komai ƙalau, firgita ce irin wadda take faɗo wa mutum babu sallama. Tun ranar nake zaman jiran dawowarta. Don Allah duk wanda ya taɓa ɗanɗana wannan, ya gaya min yadda ya yi da ita.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu. Zaman jiran nan da kika ambata shi ne ya cinye min shekara biyu. Tawa ta fara kama ni ne a cikin cunkoson motoci. Washegari na canza hanya, na ji daɗi, na ɗauka na yi dabara. Bayan wata guda ta same ni a sabuwar hanyar, ita ma na bar ta. Daga nan na daina tuƙi idan ni kaɗai ne, sai na daina shiga taro, har ta kai ba na son nisa da ƙofar gida. Kowane gudu yana ba ni sauƙi na yini ɗaya, amma yana ƙara tabbatar wa zuciyata cewa da na tsaya da na halaka. Likitan halayyar ɗan Adam da na gani daga baya bai hana ni jin tsoro ba. Mayar da ni ya yi wuraren da nake gudu, sannu a hankali: yau na zauna a mota a kashe, gobe na zagaya layi ɗaya, har ranar da ta kama ni a tsakiyar titi na ƙi juyawa. Na faka a gefe, jikina yana rawa, na duba agogo. Cikin minti goma ta kai ƙarshen ƙarfinta, ta fara sauka. Ranar na yi kuka, domin shekara biyu ina gudun abin da ban taɓa tsayawa na ga ƙarshensa ba.

Malamar Jinya: Ƙanwata, ni aikina ke nan, kuma bai hana ta kama ni ba, har sau huɗu. Abin da ya taimake ni shi ne sanin me jiki yake yi. Idan ƙwaƙwalwa ta zaci akwai haɗari, sai a saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, don mutum ya iya faɗa ko ya tsere. Matsalar ita ce babu abin gudu. Shi kuma numfashin da ake ja da sauri yana rage iskar kabon dayokzayid, wadda muke fitarwa da numfashi, a jini, wannan ne yake kawo jiri da tsirar allurar da kika ji a yatsu. Ga inda gizo yake saƙa: kin ji bugun zuciya, kin fassara shi da mutuwa, tsoro ya ƙaru, bugun ya ƙaru. Wani masani ɗan Ingila, David Clark, ya yi bayanin wannan zagaye a 1986, kuma a kansa aka gina maganin da ake yi ta hanyar tattaunawa da gyara fassarar da mutum yake yi wa alamun jikinsa. Ni idan na ji ta taso, nakan sassauta fitar da numfashi ya fi shigarsa tsawo, na ce wa kaina: na san ki, za ki wuce.

Uwar Biyu: Ni dai roƙona, kowa ya yi abin da mai tambaya ta yi, ya fara zuwa a duba shi. Wata shida ana ce min damuwa ce, ina rama, ina zufa, hannuna yana karkarwa. Ashe ƙwayar tayirod ta maƙogwarona ce take aiki fiye da kima. Da aka ɗora ni a kan magani, firgitar ta tafi. Kuma ciwon ƙirji sabo, ko wanda ya bambanta da na kullum, kada a zauna da shi a gida.

Ɗalibi: Anti, ni tawa cikin barci take tashina. Lokacin jarrabawa ne, ina shan kofi da lemon ƙara kuzari ina kwana karatu. Da na rage su na koma barci a kan lokaci, ta ragu sosai, ko da yake ba ta ɗauke gaba ɗaya ba.

Baban Gida: Zan faɗi nawa kuskuren don kada wani ya maimaita. Wani abokina ya ba ni diyazefam, ƙwayar kwantar da hankali, na sha, cikin ɗan lokaci na ji duniya ta dawo daidai. Na ci gaba da saye babu takardar likita. Bayan watanni sai ya zama ƙwaya ɗaya ba ta isata, ranar da na rasa kuwa firgitar ta fi ta farko muni. Da na je wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya gargaɗe ni kada na yanke shi lokaci guda, domin hakan yana iya jawo farfaɗiya. Ya riƙa rage min kaɗan kaɗan, ya ɗora ni a kan wani maganin da sai ya yi makonni huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsa. Makonnin farko sun yi min wuya ƙwarai. Matata ce ta riƙe ni, ita da na ɓoye wa komai tsawon shekara saboda kunya.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya direba, maganarka ta taɓa ni, domin tun ranar ban sake zama a kujerar da abin ya same ni ba, kuma sai yanzu na lura. Anti Uwar Biyu, na duba takardar gwajina, babu na tayirod a ciki, zan nemi a yi min idan na koma ranar Litinin. Gobe da safe kuma a kujerar nan zan zauna, da agogo a gabana.