Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: wace ce kurar?

Ɗan Rigasa: Jama'a, limaminmu ya kawo wannan maganar a huɗubar Juma'a. Ya ce a 2003 da sojojin Amurka suka shiga Bagadaza, ma'aikatar mai suka tsare, suka bar ɓarayi na wasoson asibitoci da gidan tarihi. Wai talakan Iraƙi ne kura. Ni da wani muka yi ta musu har ƙofar gida, ya ce ba muhallinta ba ne. Ku raba mu.

Na Kawo: Abokinka ya fi ka gaskiya. Kura mai cizo ce, shi ya sa ake mata takunkumi. Jaririn da bam ya faɗa wa a Falluja, wa ya ciza? Soja ne kura, shi ake ja da sarƙa.

'Yar Tudun Wada: Baba Na Kawo, ka tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. An ɗauki mijinta soja lokacin yaƙin Biyafara, ya bar ta da goyo da tsohon ciki. Ta koma tuyar ƙosai kusa da tashar jirgin ƙasa, ba don ciniki kaɗai ba, don duk jirgin da ya taso daga kudu ta leƙa tarago. Ta ga masu sanda, ta ga masu ɗaure da kai. Wani da ya dawo da hannu ɗaya ya ce mata tun Yulin 1967 aka ƙwace Bonny, inda ake lodin mai, amma yaran da ya gani a ƙauyukan can cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja don yunwa. Aka gama yaƙi a 1970, mijinta bai sauko ba. Har ta rasu, in aka yi wannan karin maganar sai ta ce, ita kura ai ana ba ta nama da dare.

Ɗan Rigasa: Allahu akbar. Allah ya gafarta mata, Yaya.

Mai Shayin Kakuri: Amin. Amma ku daina neman gardi a Amurka. Ga matatar mai nan a garinmu Kaduna tun 1980, kowane zaɓe sai a zo da babbar riga a ce an kusa gyarawa. Namu gardawan ko ganga ba sa kaɗawa, hula kawai suke miƙowa.

Na Kawo: Kai dai za ka ja mana! To Libiya fa? Tun 2011 makamansu ke gangarowa Sahel, mutanen Birnin Gwari me suka ci?

Mai Shayin Kakuri: Wai nawa ake sayar da lita yau a Kawo?