Ina so in sa Debian a kwamfutocin shagona, amma in ta lalace wa zan kama?

Baban Nana:

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu ilimin abin nan ku ba ni shawara. Ina da ɗan shagon sezi da fotokopi a nan Zongo, kwamfuta huɗu gare ni, uku na tebur ɗaya laftof, dukkansu tsofaffi ne ƴan Kwatano. Tun da aka ce an daina yi wa Windows 10 mizajur daga 14 ga Oktoban 2025 hankalina bai kwanta ba, na ce a hau da ni 11 ɗin, mai gyara ya duba ya ce babu wadda za ta ɗauka a cikinsu, wai ba su da wani abu TPM 2.0, sai dai in sayi sababbi, ni ko da wane kuɗin. Ga birus kuma, ɗalibi zai zo da kile ɗinsa a buga masa memuwar, kana sokawa duk takardu su koma rakursi, bayan wata biyu sai an yi formate, kowace jika biyu.

To ƙanen matata da ke karatu a jami'ar André Salifou ya zo ya sa min wata aba wai ita Debian a laftof ɗin a madadin Windows, gaskiya ta yi sauri har na yi mamaki, sati uku kenan ko kilen wa na soka ba abin da ya same ta. Sai dai yaron ya ce min wai ba kamfani ne ke yin ta ba, mutane ne kawai ƴan sa-kai, nan fa jikina ya yi sanyi. Abin da ba shi da mai shi ranar da ya lalace wa zan kama? Shi yaron gobe zai gama karatu ya tafi Yamai. Sannan kwamfuta huɗu kowace tana jan mizajur ai forfe ɗina ba zai kai sati ba. Kuma ina buga katin biki da takardun islamiyya da Hausa, kilabiyena AZERTY ne, a waya ina samun ƙ da ɗ amma a can ban san inda suke ba. In sa wa sauran ukun ko in haƙura?

Ɗan Birni:

Wa alaikumus salam Baban Nana. Ƙanen naka bai yi ƙarya ba, babu kamfani. Amma rashin kamfani ba shi ne rashin mai shi ba, ka ɗauke ta kamar gayya, gonar kowa ya kawo hauyarsa, sai dai wannan gayyar tun 1993 ake yin ta ba a tashi ba. Wani ɗalibi ne a Amurka mai suna Ian Murdock ya fara ta, sunan ma daga nasa ne da na budurwarsa Debra. Yanzu masu riƙe da ita da ke da ƙuri'a sun kai wajen dubu a ƙasashe daban-daban, duk shekara suna zaɓen shugaba, suna da rubutacciyar yarjejeniya tun 1997 da suka yi alkawarin za ta zauna kyauta kuma ba za su ɓoye matsala ba. Ubuntu da ka ji ana faɗa ma a kan Debian aka gina ta, Mint kuma a kan Ubuntu, kenan ita ce kaka.

Kuma ka yi haƙuri in tambaye ka, wadda ke kan kwamfutocinka yanzu da ta lalace wa ka taɓa kamawa? Ai mai gyaran unguwa ne, ka ba shi jika biyu. To nan ma haka ne, bambancin kawai a nan in ka so kai ma za ka iya koyon gyaran, ba a rufe komai ba.

Maganar forfe kuwa ita ce mai sauƙi. Na farko kar ka sauko da ita sau huɗu, fayil ɗin girka ta na DVD na farko za ka samu sau ɗaya, bai kai giga 5 ba, a zuba a kile mai giga 8 ka sa wa duk huɗun ko babu rezo, LibreOffice mai aikin su Word da XFCE, wato fuskar allon da za ka riƙa aiki a kai, duk suna ciki. Ni ina da shi ma, ba sai ka sauke ba. Sannan ka zaɓi kwamfuta ɗaya ka sa mata apt-cacher-ng, sauran ka nuna musu ita a ƙofa 3142, duk abin da ɗaya ta sauke sauran daga wajenta za su ɗauka ta rezon cikin shago, forfe ɗaya ya ciyar da huɗu. Kuma reshen da ake ce wa stable ba ya yawan motsi, kusan shekara bibbiyu ake fitar da sabo, ta yanzu Debian 13 ce mai laƙabin trixie da ta fito 9 ga Agustan 2025, a tsakani gyaran tsaro da na manyan kurakurai ne kawai ke zuwa kaɗan-kaɗan.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne wuta. Ni ta taɓa yi min, lokacin zafi ne wajen azahar ina tsakiyar mizajur a ta tebur ba ondila, ɗif aka ɗauke. Da aka dawo da ita bayan isha na kunna, allo baƙi ƙirin, ba komai sai wata kalma initramfs da ɗan layi yana ƙyafta min ido, ga takardun wani bawan Allah a ciki da zai kai da safe. Wallahi gumi har cikin ido. Da waya na nemo, ashe ita kanta ta rubuta a sama wane ɓangaren faifan ne ya rikice, na rubuta fsck -y /dev/sda1, rubutu ya yi ta gudu kamar minti biyu, na sake kunnawa ta tashi, sannan na ba ta sudo dpkg --configure -a ta ƙarasa abin da wutar ta katse. Ko takarda ɗaya ba ta ɓata ba. Amma tun ranar ba na mizajur sai da sassafe ko in batir na nan. Ka rubuta layukan nan biyu a takarda ka manna a bango, sai dai naka ba lallai ya zama sda1 ba, ka karanta abin da ta nuna maka.

Alhajin Dole:

Ni dai Baban Nana ina ba ka shawara ka bi a sannu. Su Ɗan Birni abin sha'awarsu ne, ko kwana za su yi gaban baƙin allo daɗi suke ji, kai ko abincinka ne da na iyalinka. Ɗalibi ya kawo memuwar shafi 80 da ya jera a Word, ka buɗe a naka shafuka su goce, tebur ya haye wani shafi, gobe sutnans, me za ka ce masa, gayya ce? Kuma firinta fa? Ni na gwada shekarun baya, firintata ta ƙi ko motsi, kwana uku ina fama na mayar da abin da na sani. Kar ka saki reshe ka kama ganye.

Maman Amira:

Alhaji ranka ya daɗe maganarka akwai gaskiya a ciki, ban musa ba, amma gocewar shafin tana da dalili kuma tana da magani. Yawanci ba LibreOffice ɗin ba ne, harufan ne babu. Yaro ya rubuta da Calibri ko Times New Roman, kwamfutarka ba ta da su sai ta ɗauko wani harafi mai faɗi daban, shi kenan layi ya ƙaru shafi ya zame. Akwai harufa na kyauta da aka yi su daidai awon waɗancan, Carlito madadin Calibri, Caladea madadin Cambria, Liberation kuma madadin Times da Arial. Baban Nana ka sa fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea da fonts-liberation, mafi yawan rigimar za ta kwanta. Wadda ta rage kuma ka saba wa ɗalibai su riƙa kawo PDF, ni haka nake wa ƴan ajina, wanda bai kawo PDF ba ya san sauran. Firinta kam gaskiyar Alhaji ce, sai ka gwada tukuna, in HP ce akwai manhajarta hplip yawancinsu suna tashi, in wata ce ka soka ta a laftof ɗin da ke da Debian yanzu ka gani da idonka kafin ka taɓa sauran. Ni da ni ce ma zan bar ɗaya yadda take, ba intanet, saboda ranar tsautsayi.

Yanzu ga abin da ya sa na shigo, maganar ƙ da ɗ. Akwai kilabiyen Hausa a ciki, har biyu ma, na Najeriya da na Gana, amma duka a kan QWERTY aka tsara su, kai da yatsunka suka saba da AZERTY za ka nemi a ka samu wani abu, haukacewa za ka yi. Abin da na yi ni, na shiga saitin kilabiye na XFCE na mai da maɓallin Ctrl na dama ya zama na haɗa harafi, sannan na buɗe ɗan fayil a babban foldana na home mai suna .XCompose na rubuta haka

include "%L"
<Multi_key> <k> <k> : "ƙ"
<Multi_key> <d> <d> : "ɗ"
<Multi_key> <b> <b> : "ɓ"
<Multi_key> <y> <y> : "ƴ"

sai manyan baƙaƙen su ma haka. Ka fita ka sake shiga, ka taɓa Ctrl ɗin ka danna k sau biyu ƙ ta fito. Ranar da na fara ganin ƴ tamu ta fito a allo, ba 'y mai waƙafi a sama irin ta ƴan uwanmu na Kano ba, sai da na kira maigidana ya zo ya gani, shi ko ya ce yo wannan ne kike ta murna tun ɗazu abinci na ƙonewa.

Kuma ka ga wannan shi ne amsar tambayarka ta wa zan kama. Tsarin harshe da ke ciki ha_NG ne, na Najeriya, kuɗinsa naira, namu na Nijar da sefa da ƴ babu wanda ya zauna ya rubuta ya aika. Ba wani ne ya hana ba, kuma Bature da ke Jamus ba zai yi mafarkin AZERTY mai ƙ ba, ba ciwonsa ba ne. In mu ba mu kai hauyarmu ba wannan kunyar haka za ta zauna ba noma. Ba sai ka iya rubuta manhaja ba, fassara ma aiki ne, ta cikin burawza ake yi a Weblate, jimla-jimla, kai da ke buga Hausa kullum ka fi injiniyoyi da yawa sanin yadda za a ce abu mutum ya gane. Ni dai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne kowa sai ya ce a kawo mana da Hausa, wa zai kawo?

Ɗan Birni:

Malama kin gama magana, fayil ɗin nan naki ki turo min dan Allah, ni har yau Ctrl+Shift+U nake dannawa in rubuta 199 kafin ƙ ta fito, kamar mai buɗe asusu.

Na manta abu ɗaya Baban Nana, tunda ka ce tsofaffi ne. Debian 13 ta daina fitar da ta masu 32 bit. Ka tashi kowace da kilen, in mai girkawar ya tashi to 64 bit ce ba damuwa, su Core 2 Duo duk suna ɗauka. In akwai wadda 32 ce zalla irin ƙananan laftof ɗin nan na da, ka sa mata Debian 12, tallafinta na dogon zango zai kai tsakiyar 2028. Akwai kuma Emmabuntüs da wasu ƴan sa-kai a Faransa suka gina a kan Debian musamman saboda tsofaffin kwamfutoci da ake gyarawa a raba, da Faransanci take zuwa da kaya cike, ita ma ka iya dubawa.

Alhaji kuma, firintar nan da ta ƙi, da ka kai ƙara. Akwai manhajar kai ƙara reportbug, tana yi maka tambayoyi ta haɗa wasiƙa ta aika, a ba ka lamba, kowa a duniya yana iya ganin ƙorafinka a bugs.debian.org. Ni na taɓa aikawa sau ɗaya kan wani kuskure da turancina na kame-kame, sati biyu shiru har na cire rai, sai ga amsa daga mai kula da manhajar yana ba ni haƙuri wai aiki ne ya yi masa yawa, ya ce in gwada wani gyara in faɗa masa. Na gwada ya yi. Wani ƙorafin kuma sai ya shekara ba wanda ya taɓa shi, wannan ma gaskiya ne, ba albashi ake ba su ba, ba ka da bakin yi musu tsawa.

Alhajin Dole:

Sati biyu shago a rufe kenan ana jiran Bature ya gama aikinsa. To Allah ya ba da sa'a, ni dai na faɗi nawa, a bar ɗaya.

Baban Nana:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji na ji, ta kusa da ƙofa ba zan taɓa ta ba. Yanzun nan na soka firintar a laftof ɗin, sai da ta yi ɗan tunani sannan ta fitar da shafin gwaji, sikana ɗin ne dai bai nuna ba tukuna. Malama na kwafi layukanki, ƙ da ɗ da ƴ sun fito amma ɓ ta ƙi, ko ni ne na yi kuskure wajen alamar nan mai ɗigo biyu, zan ɗauki hoto in turo. Fassarar kuma ki nuna min ƙofar in leƙa, da rana tsakanin azahar da la'asar ba kowa a shago. Ɗan Birni Asabar bayan la'asar ina nan, ka taho da kilen naka, shayi a kaina, in an ɗauke wuta mu fara da laftof.