Muhawarar 'yan gida: shin kiɗa da zane na kashe karatu?

Kawu: Salamu alaikum. Jiya na leƙa gidan Yaya, na tarar da ɗansa Abba a zaure rungume da gurmi, littafinsa na lissafi kuma duk zane a bayansa. Yaron da WAEC ke gabansa! Ni dai maganata ɗaya ce, kiɗa da karatu ba sa shan inuwa ɗaya. Kuma mu ba mu gaji roƙo ba.

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Wa ya ce maka roƙo yake yi? Ka gan shi a gidan biki yana wasa wani? Yaro ya dawo daga makaranta ya gaji, ya ɗan kaɗa abinsa ya ji sanyi a ransa. Da ya zauna a majalisar bakin titi fa?

Kawu: Da haka ake farawa, Gwaggo.

Anti Malama: Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, bari in sa baki a matsayina na mai riƙe da alli. Ciro naira ashirin daga aljihunka ka juya bayanta. Matar da ke gina tukunya ɗin nan Ladi Kwali ce. Ba ta yi boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ita dai jami'ar ce ta ba Mamman Shata nasa, shi ya sa har gobe ake ce masa Dakta. Kuma a Zariyan akwai sashe guda na koyar da zane, ana shiga da JAMB kamar kowane fanni.

Kawu: To ai kin kawo ni inda nake so. Digirin girmamawa ba a neman aiki da shi. Shata ɗaya aka yi, masu kalangu nawa suka tsufa ba su da ko ɗakin kansu? Kowa ya ɗauki gurmi gani yake shi ne Shatan gobe.

Yaya Babba: A nan kam Kawu ya fi ki gaskiya, Anti. Misalin shahararru ba hujja ba ne. Amma ni a ganina duk mun kauce. Abba bai ce sana'a zai yi da shi ba, sha'awa ce. Ni da nake banki ina buga ƙwallo ran Asabar, ba wanda ya ce Super Eagles nake nema.

Gwaggo: Kuma kai Kawunsu, ranar saukarka wa ya hana kowa barci sai an yi wa allonka zayyana mai ja da kore? Wannan ba zane ba ne?

Kawu: Wannan daban, na Alƙur'ani ne.

Anti Malama: Hannu ɗaya ne ke yin su ai. Waƙa ma haka. Nana Asma'u da waƙoƙi ta karantar da mata, jajis, wato malamai mata da ta horar, suna haddacewa suna kai wa 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu, ƙauye-ƙauye. A ajina, abin da aka rera ya fi zama a kan yara fiye da abin da aka rubuta a allo aka goge. Kuma yaron da ya iya zane ba ya shan wahalar hoton zuciya ko na ƙoda a darasin Bayoloji, maki ne a ɓagas.

Kawu: Waƙar wa'azi ba ta da gurmi.

Baban Abba: Na karanta duka. Sakamakonsa na zangon da ya wuce bai faɗi ba, sai dai lissafi ya ja baya, kuma na lura daren da ya kamata ya yi bita ne yake kaɗe-kaɗen. Gurmin zai zauna a ɗakina daga Lahadi zuwa Alhamis har a gama jarrabawa. Zane kuwa zan saya masa littafinsa daban, ya bar na lissafi ya huta.

Kawu: Ni da a ce nawa ne, har Juma'a da Asabar ɗin ma ba zai gan shi ba.

Gwaggo: To ba naka ba ne. Yaya, ka ce masa ya zo ya zana min fulawa a zanin gadona, zan kai wa mai ɗinki.