Tambaya: ya ake yi filatinam ke taruwa a siririn layi ɗaya cikin dutsen wuta?

Dan_Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ilimin duwatsu. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun lakcar da aka mana kan duwatsun wuta. An ce mafi yawan filatinam ɗin duniya, ƙarfen nan mai tsada, daga Afirka ta Kudu yake fitowa, daga wani dutse wai shi Bushveld, kuma wai dutsen hawa-hawa yake, layi kan layi. To ni dai abin da na sani, duwatsu masu hawa-hawa su ne irin namu na nan, kamar dutsen Kalambaina da ake siminti da shi, wanda ruwa ya jibge a hankali. Ta yaya abin da ya narke sannan ya daskare zai yi layi? Abin da ma ya fi ɗaure min kai, an ce kaurin dutsen kilomitoci ne amma arzikin yana cikin wani ɗan layi da bai kai tsayin mutum ba. Me ya tara shi a can? Kuma don Allah ko za a iya samun irinsa a ƙasar Sakkwato?

Malam_Dundaye:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayar taka ta yi kyau wallahi, kuma har gobe masana na kai ruwa rana a kanta.

Fara da wannan: ba duk magma, wato narkakken dutsen da ke cikin ƙasa, ce ke fitowa sama ta yi aman wuta ba. Wata a cikin ƙasa take tsayawa, ta buɗa wa kanta wuri ta kwanta kamar tafki, zafinta wajen digiri 1200, kuma tunda duwatsu sun lulluɓe ta ta ko'ina sai ta ɗau dubban shekaru tana hucewa. To ma'adinan da ke cikinta ba lokaci ɗaya suke daskarewa ba, kowa da zafin da yake fita. Olibin da kuromait su ke riga fita, sai fairoksin, sai filajiyokiles wanda shi fari ne kuma bai kai su nauyi ba. Wanda ya fara fita sai ya taru a gindin tafkin, na bayansa ya zo ya hau kai. Ana cikin haka sai wata sabuwar magma mai zafi ta sake kutsowa daga ƙasa, lissafin ya koma baya, a sake farawa daga olibin ko fairoksin. Wannan maimaicin shi ke ba ka layi kan layi. Ka nemi hoton kogin Dwars da ke yankin Bushveld a intanet, za ka ga farin dutse da baƙaƙen layukan kuromait sun ratsa shi, wani kaurin yatsa wani kaurin hannu, wani ya rabu biyu ya je gaba ya sake haɗewa, ka rantse da hannu aka zana.

Bushveld ɗin nan shekarunsa sun ɗan haura biliyan 2, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 66,000, wato ya ninka jihar Sakkwato fiye da sau biyu, kaurinsa kuma a wasu wurare ya kai kilomita 7 ko fiye.

Yanzu maganar filatinam. Ita magmar kanta matalauciya ce, sai ka tara tan gommai kafin ka haɗa giram ɗaya. Da a ce haka ta daskare da shi a warwatse, da ba wanda zai ɓata kuɗinsa ya haƙa. Sirrin yana wurin farar wuta. Magma na iya riƙe farar wuta a narke amma akwai iyaka, idan ta huce ko ta gauraya da wata magma daban ko ta narkar da duwatsun gefe masu farar wuta ta haɗiye, sai ta kasa riƙewa, sai farar wutar ta haɗu da ƙarfe da nikel da tagulla ta ware ta zama 'yan ɗigo-ɗigo na wani ruwa daban, kamar yadda mai ke ƙin haɗuwa da ruwa, sai dai su waɗannan ɗigon sun fi magma nauyi don haka ƙasa suke yi. Shi kuwa filatinam da 'yan uwansa, faladiyam da rodiyam da sauransu, har da zinariya, sun fi son zama cikin ɗigon nan a kan zama cikin magma sau dubu goma ko fiye. Duk inda ɗigon ya ratsa sai ya kwashe su. Idan ya sauka ya kwanta a kan layin da ke daskarewa a wannan lokacin, shi ke nan, arzikin magma mai kaurin ɗaruruwan mitoci ya dawo cikin layin da bai kai mita ɗaya ba.

Wani abu da ɗalibai ke yawan kuskurewa: ba yawan ɗigon ake so ba. Ɗigo kaɗan da ya cuɗanya da magma mai yawan gaske shi ke yin arziki, in ɗigon ya yi yawa sai su raba ɗan abin da ke akwai kowa ya samu kaɗan. Wasu masana biyu, Campbell da Naldrett, suka fito da lissafin wannan a 1979, in ka kai aji uku za ka haɗu da shi.

Layin da ya fi suna a Bushveld shi ne Merensky, an gano shi a 1924, Andries Lombaard ya fara ganin alamar sannan Hans Merensky ya bi diddigi. Giram kaɗan ne a kowane tan, kamar 5 ko ɗan sama, amma layin ya miƙe kilomitoci masu yawa ba tare da ya ɓace ba, shi ya sa ake cin riba. Masu haƙarsa a durƙushe suke aiki a ramin da tsayinsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, wasu ramukan sun wuce kilomita ɗaya a cikin ƙasa. Ƙarƙashinsa akwai layin kuromait mai suna UG2, yanzu ma shi aka fi haƙa.

Bakaniken_Runjin_Sambo:

Malam Allah shi saka da alheri, Allah shi ƙara basira. Ni ba ɗan boko ba na, gareji nike, amma wanga bayani ya buɗe min ido. Kullum masu saye na zuwa wurinmu neman indomin salansa, wanga abu mai ramu-ramu da ke cikin salansar mota, kuma kuɗi sosai suke bayarwa ko da ya tsufa ya farfashe. Mun ji an ce akwai ƙarfe mai tsada ciki amma in ka fasa ba ka ganin komi sai farar ƙasa mai toka-toka. Ashe shi na filatinam ɗin da faladiyam anka shafa mai. Ka ga abin da mutane sunka shiga ƙasa a durƙushe sunka haƙo, mu nan wasu ke cire ma mai mota ba da saninai ba, ya tahi mota na hayaƙi tana wari. Ni dai ina gaya ma yarana duk wanda ya taɓa na kwastoma ya bar min gareji.

Yar_Arkilla:

Malam na gode da bayani amma a yi min afuwa, ina ganin bai kamata Dan Mabera ya tafi da cewa hanya ɗaya ce ba. Akwai masana irin su Alan Boudreau da ke cewa daga ƙasa abin ya hau, ba daga sama ya sauko ba. Wato lokacin da tarin ma'adinan ke ƙarasa daskarewa, ruwan zafi mai gishiri da ya rage a tsakaninsu sai ya matso sama, yana narkar da farar wuta da filatinam yana tafiya da su, har ya kai inda ya sauke kayansa. A Stillwater, wani dutse irin Bushveld da ke jihar Montana ta Amurka, inda wani layi mai suna J-M yake mai yawan faladiyam, sun kafa hujja da ma'adinai masu kulorin, sinadarin da ke cikin gishiri, da aka samu a ƙasan layin. Sannan UG2 ɗin da ka ambata ai farar wutar da ke cikinsa 'yar kaɗan ce ƙwarai amma ga filatinam, wanda ke nuna shi ma kuromait ɗin yana da hannu.

Ni wanda ya fi burge ni ma Skaergaard ne, wani dutsen wuta mai hawa-hawa a Girinlan. Tun wajen 1930 Lawrence Wager ya gano shi, aka yi ta nazarinsa shekara da shekaru ana koyar da ɗalibai da shi, sai a ƙarshen shekarun 1980 aka lura akwai layin zinariya da faladiyam a can sama-sama cikinsa. Can magmar sau ɗaya ta shiga ta rufe, ba a yi ta ƙara sabuwa ba, ta jima ba ta fitar da ɗigon farar wuta ba sai da ta yi nisa da daskarewa. Kenan lokacin da ɗigon ya fito ma yana da muhimmanci, in ya fito da wuri tun magma na hanya a can ƙasa, ya kwashe komai ya bar ta fanko.

Dan_Mabera:

Kai na gode sosai Malam, na gode Yaya. Amma ba a taɓo min ta gida ba, zinariyar Zamfara fa, ita ma haka ta samu?

Malam_Dundaye:

Yar Arkilla kin yi gaskiya, ni dai na fi karkata ga ɗigon da ke saukowa a kan Merensky, amma a UG2 hujjarki na da ƙarfi.

Dan Mabera, a'a, hanyarsu daban. Garin Sakkwato da kewaye a kan duwatsun da ruwa ya jibge muke zaune, teku ta taɓa rufe nan, shi ya sa ake samun ƙasusuwan dabbobin ruwa a Dukamaje, da fosfet wajen Dange, da jifsam, da dutsen siminti a Kalambaina. Layukanmu na laka da yashi da ɓawon halittun ruwa ne, ba na magma ba, don haka duk wanda ya kawo maka dutse daga nan ya ce filatinam ne kada ka ba shi ko sisi sai an kai lab.

Zinariyar Anka da Maru kuwa ruwan zafi ne ya bi tsagogin tsofaffin duwatsu ya ajiye ta cikin jijiyoyin farin dutse, kuma a wasu wuraren tare da dalma take zuwa. Dalmar nan ce ta kashe yara sama da 400 a 2010 a Bagega da ƙauyukan kusa, saboda ana niƙa dutsen a cikin gida. Jijiya tana iya yin arziki yau gobe ta ɓace, shi ya sa masu haƙa ke ta canza rami. Layin dutsen wuta kuwa in ka same shi a nan kana iya lissafa zurfin da za ka same shi kilomita goma gaba.

In kana son ganin wani a Afirka bayan Bushveld, duba Great Dyke na Zimbabuwe a taswirar tauraron ɗan Adam, ya ratsa ƙasar kusan kilomita 550 daga arewa zuwa kudu, shekarunsa wajen biliyan 2.5, shi ma filatinam ɗinsa a siririn layi ɗaya yake kusa da saman duwatsun fairoksin. Ka zo da hoton ranar Litinin bayan azahar, akwai guntun kuromait a ofis, sai ka ɗaga ka ji nauyinsa.