Murɗe wuya a wurin mai ɗori: sani ne ko canki-canka?

Ɗan Kura: Jama'a, ku taya ni ji. Tun da na yi dakon buhunan shinkafa lokacin girbi ƙeyata ke riƙewa, ko sallame sallah sai na juya har da kafaɗa. Mai ɗori na farko ya laluba ya ce ƙashi ya goce ta dama. Na biyu ya ce ta hagu. Kowanne ya murɗe ni sai da ta yi ƙas, ya karɓi kuɗinsa, wuya yana nan jiya i yau. Wallahi canki-canka ake yi da wuyan mutane.

Kawu Wanzami: Canki-canka? Yaro, iya bakinka. Sana'ar da aka gada kaka da kakanni kake kira haka? Wa ya ɗora maka hannu da ka faɗo daga amalanke?

Ɗan Kura: Kawu, Allah ya huci zuciyarka, karaya daban, wuya daban.

Na Bunkure: Janye kalmar kawai. Canki-canka ai wasan yara ne.

Anti Nas: Ku saurara mana. Ƙasusuwan wuya 7 ne. Kusan rabin juyin kai tsakanin na farko da na biyu ake yin sa, kuma jijiyoyi biyu masu kai jini ƙwaƙwalwa ta ramukan gefensu suke bi. Fizga da ƙarfi na iya yaga jijiyar har a samu shanyewar ɓarin jiki, duk da ba kasafai hakan ke faruwa ba. Ƙas ɗin nan iska ce a cikin ruwan gaɓa, ba ƙashi ne ya koma ba. Ko masu fisiyo biyu, wato masu gashin ƙashi na asibiti, suka laluba wuya ɗaya, ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya kan gaɓar da ta ƙage ba. Ƙanena, in kana jin jiri, ko gani biyu-biyu, ko hannu na mutuwa, kar ka ƙara bari a taɓa ka, tafi Asibitin Ƙashi na Dala.

Na Bunkure: To kun ji! Ashe na boko ma canki-canka suke yi.

Anti Nas: Ban faɗi haka ba.

Malam Tela: Mutanen Kura ai raki ne da su, buhu nawa ya ɗauka?

Ɗan Kura: Malam, fara biyan kuɗin takin da ake bin ka tukuna.

Malam Tela: A gaban mutane za ka tona ni?

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta shi ne an ci mutuncin masu ɗori ba gaira ba dalili, ita kanta Anti ta tabbatar na asibiti ma suna saɓani. Mahaifina shekara da shekaru yana ɗori, ban taɓa ganin wanda ya dawo da ƙorafi ba. Ɗan Kura ya ba Kawu haƙuri kafin magariba. Zancen taki a kai shi gida.