Ɗan waken dankalin turawa: wa ya iya shi, kuma ina ake samun sa a Yamai?

Maman Hadiza, Lazare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanen maigidana ya aiko mana buhun dankalin turawa daga Bonkuku, ga shi watan Maris ya kama, kun san dankali ba ya jimirin zafin Yamai. Mun soya, mun yi fate, mun sa a miya, har yara sun fara kawar da kai. Shi ne na tuna wani abinci da na taɓa ci a gidan wata Baturiyar Italiya da yayata ta yi wa aiki a unguwar Filato, nan Yamai. 'Yan ƙananan curi ne kamar ɗan wake, farare, masu laushin da ba sai an tauna ba, an zuba masu miyar tumatir. Ta ce sunansa nyoki.

Jiya na gwada. Na feraye dankali, na dafa, na kirɓa a turmi, na sa fulawa da ƙwai. Abu ya yi ta kama hannu kamar ƙaro, ni kuwa ina ta ƙara fulawa. Da na jefa a ruwan zafi, na farko suka narke suka zama kunu, na ƙarshe suka yi tauri kamar roba. Wallahi raina ya ɓaci, ba na son ganin abinci ya tafi a banza. A ina na kuskure? Iri ɗaya ne ko suna da yawa? Kuma akwai inda ake sayar da shi a garin nan, in ɗanɗana in tuna yadda ya kamata ya fito?

Tsohon Kuku, Yantala

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na daɗe ina girki a gidajen Turawa kafin ƙafa ta zaunar da ni, kuma wannan abincin ya sha ba ni wahala da farko. Turmin nan shi ya ɓata maki aiki. Dankalin turawa ba doya ba ne. In aka kirɓa shi, sitacin da ke ciki yana fashewa ya fito ya yi yauƙi, daga nan duk fulawar da kika zuba shanyewa za ya yi, ba ya ƙoshi. Sakwara tana son danƙo, nyoki kuwa danƙo ne abokin gabansa.

Sai kuma ruwa. Kin feraye kafin ki dafa, ya sha ruwa ya ƙoshi, ga shi sabon dankali ne da bai daɗe da fitowa daga ƙasa ba. Ki dafa shi da ɓawonsa, ɗungum, kada ki yanka. In da hali ma ki gasa shi cikin toka mai zafi kamar yadda muke gasa dankalin Hausa, wannan ya fi duka. Ki ɓare tun da zafinsa, ki murza shi a rariyar ƙarfe da bayan ludayi ya zubo kamar tsaki, ki baza a tire tururin ya fita.

Kilo 1 na dankali, fulawa giram 250 zuwa 300, ƙwai guda, gishiri. Ki haɗa da yatsu a hankali, da zarar ya haɗe jiki ki cire hannu, kada ki cuɗa shi kamar ƙullin burodi. Ki mulmula shi dogo kamar igiya, kaurin babban yatsa, ki yayyanka. Masu son ado suna gangara kowane guda a bayan cokali mai yatsu, layukan su ke riƙe miya. Dahuwar kuwa kin riga kin iya ta tun a ɗan wake: tafasasshen ruwa da gishiri, ya nutse, ya taso sama cikin minti 2 ko 3, ki tsame. Amma ki fara jefa guda ɗaya tak. In ya watse, ki ƙara fulawa cokali biyu, ki sake gwadawa.

Batun saye, manyan kantunan Filato sukan kawo shi a leda, kusa da taliya, an rubuta gnocchi. Wata rana a samu, wata rana babu, kuma ya fi na gida tauri nesa ba kusa ba. Ke da ke da buhu a ɗaki, ban ga abin da za ki je nema can ba.

Ɗan Adar

Baba ya gama magana kan na Italiya. Ni na yi karatu a Jamus, can nasu manya ne, kamar dawon fura, suna ce masu kulos, a kudu kuma kinodal. Wanda ya fi suna shi ne na Turingiya: kashi biyu cikin uku ɗanyen dankali ne da aka goga aka matse a ƙyalle har ya bushe, kashi ɗaya dafaffe mai zafi da ake kwarara masa, sai a tura soyayyen burodi a tsakiya. Ba a barin ruwan ya yi ta tafasa, a kan wuta kaɗan yake zama kamar minti 20. Da gasasshen nama da romo mai kauri ake cin sa, yadda muke cin tuwo.

Yaya, wanda nake ganin za ya yi maki sauƙi shi ne na yankin Silesiya a Polan, don babu fulawa a ciki. Ki danne murjajjen dankalin a kwano, ki raba shi gida huɗu, ki ɗebe gida ɗaya, ki cika gurbin da garin sitaci, ki mayar da wanda kika ɗebe, ki sa ƙwai. A mulmula, a danna yatsa a tsakiya ya yi ɗan rami da romo za ya zauna. Su da sitacin dankali suke yi, ni da na dawo gida da na rogo na yi, ya fito da ɗan santsi amma ya kama.

Abu guda ga masu tafiya: a tambaya kafin a ci. Na Lituwaniya, sepelinai, wanda aka sa wa sunan jirgin saman nan Zefelin saboda siffarsa, yawanci naman alade ake cusa masa. Haka irin na Suwidin.

Hajiya Mai Albasa, Tawa

Ƙanwata, in za ki sake saye, ki nemi na Agadas da ya ɗan kwana biyu, na lambunan Tabelot, ki tambaya a kasuwar Katako ko ta Wadata. Na buhunki kuma ki juye shi ƙasa a ɗaki mai duhu da iska, ki riƙa tsince ruɓaɓɓe kullum. Duk inda ya yi kore ko ya tsiro ki yanke ki zubar, akwai dafi a wurin. Ni dai da miyar tumatir ba za ki burge ni ba. Albasar Galmi a soya ta a man shanu har ta yi ja, a barbaɗa yaji, kamar dai ɗan wake.

Maman Hadiza, Lazare

Allah ya saka da alheri, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yau da hantsi na gasa guda takwas a toka, na murza a rariya. Na gwaji ya ɗan zube a gefe, na ƙara fulawa cokali biyu, na biyu ya taso lafiya lau. Hajiya, na bi taki, albasa da man shanu da yaji. Hadiza ta cinye nata ta koma tana leƙen tukunya, maigida kuma ya ce a ajiye masa na dare. Ɗan Adar, ranar Asabar zan gwada mai ramin, na aika a sayo sitaci. Tambaya ɗaya ta rage, Baba: in na yanka da yawa na sa a firigo, ga wuta tana yawan ɗaukewa a wannan zafi, kwana nawa za ya yi bai lalace ba?