Kafin a zaɓi masu kula da majinyaci a ƙarshen rayuwa

Ga abin da na tattara daga hirar da aka yi kan zaɓen hosfis, wato masu kula da majinyacin da likitoci suka ce ciwonsa ba na warkewa ba ne, sai dai a rage masa raɗaɗi.

Abin da kowa ya fi nanatawa shi ne dare. Ka tambaye su kai tsaye, in ciwo ya tashi ƙarfe biyun dare wa zai ɗaga waya, nas ce ko mai karɓar saƙo kawai, kuma yaushe wani zai iso? In suka fara kame-kame to ka nemi wasu. Sai maganin raɗaɗi irin su mofin, suna da shi a hannu ko sai an yi ta jiran takardar likita majinyaci na ta murƙususu, wannan kam a ganina ya fi kyan gini muhimmanci nesa ba kusa ba.

A duba majinyata nawa ke hannun nas ɗaya, da ko ana yawan canza nas ɗin, don mai jinya, wato ɗan uwan da ke kula da majinyacin, na gajiya da maimaita bayani ga sabuwar fuska kullum. Cicely Saunders, likita 'yar Birtaniya da ta buɗe hosfis ɗin St Christopher's a Landan a 1967 ta nuna cewa ciwo ba a jiki kaɗai yake ba, har da zuciya da iyali da imani, don haka a tambaya ko akwai ma'aikacin walwala da malamin addinin majinyacin.

Lasisin hosfis ɗin da rahoton hukumar da ke sa musu ido, a nema a gani da ido. Wata daga cikin masu hirar ta ƙara da cewa a tambayi ko suna ba mai jinya hutun 'yan kwanaki, da ko suna leƙo iyali bayan rasuwa.